Ciwon daji ga kuma gigin tsufa: amsa ga mai jinyar mahaifinta

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina shekararsa 78, tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, muna zaune a Gwammaja. Bara aka gano yana da ciwon dajin mafitsara, har ya taɓa ƙashin baya. Ana yi masa allura duk wata uku, yana kuma shan Tramadol. Ya kai shekara biyu yana mantuwa, amma a satin nan abin ya ƙazanta: ba ya barci, da tsakar dare sai ya ce a buɗe masa shago, jiya har cewa ya yi na sace masa kuɗi. Yayyena maza suna Abuja da Legas, ɗaya ya ce a daina wahalar da shi da asibiti, ɗaya ya ce sammu ne. Matansa biyu duk sun manyanta. Ni ce a kansa kullum, ga aiki ga yara. Na rasa inda zan sa kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Abu biyu kika haɗa a tambayarki, kuma sai an raba su kafin a san abin yi. Akwai mantuwar da ta yi shekara biyu tana tafiya a hankali, akwai kuma rikicewar da ta faɗo a satin nan. Ta farkon za ta iya jira a bincike ta a natse. Ta biyun ba ta jira. Ki kai shi asibiti gobe da safe, kada ki tsaya sai ranar da aka rubuta muku a kati.

Irin wannan ruɗewar ta farat ɗaya mu a asibiti diliriyam muke ce mata. Cikin awoyi ko 'yan kwanaki take zuwa, tana hawa tana sauka. Da hantsi mutum ya gane kowa, ya sha kokonsa, ya tambayi jikoki. Dare na yi ya koma kamar ba shi ba, hankalinsa ba ya tsayawa a kan magana, wani lokaci har ya ga mutanen da babu su a ɗakin. Wani kuma ba ya hayaniya ko kaɗan, sai yawan barci da shiru, kuma shi aka fi sakaci da shi, don mutanen gida cewa suke ya samu sauƙi yana hutawa. Kusan kullum akwai abin da ya tayar da ita a jiki, kuma sau da yawa abu ne mai magani.

Ga mai ciwo irin na Baba, fitsari nake fara tambaya. Ciwon nan a wani ƙullutu yake da ke ƙasan mafitsara, wanda muke kira furostet, kuma hanyar fitsari ta cikinsa ta ratsa. Idan ya matse ta, fitsari ya taru, mara ta cika, tsoho mai mantuwa ba zai ce miki "fitsari ya ƙi fita" ba, sai dai ki ga yana ta zirga-zirga yana faɗa yana jan wando. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka kwana huɗu ana yi masa ruƙiya a gida. Ina ɗora hannu a mararsa na ji ta tsaya ƙiƙam kamar an kifa ƙwarya. Aka sa robar fitsari, abin da ya fita ya haura lita ɗaya. Kafin isha'i ya tashi zaune yana tambayar ina hularsa, kuma wa ya kawo shi nan. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi wa iyayena. Amma ki faɗa wa yayanki mai maganar sammu cewa a haɗa biyun, ana tofi ana duba mara.

Bayan fitsari sai bayan gida. Tramadol da mofin da kodin duk suna ɗaure ciki, kuma tsoho ya kwana biyar bai zagaya ba ya isa ya birkita shi. Sai ƙwayoyin cuta a fitsari ko a huhu, da maleriya, waɗanda a jikin tsofaffi kan zo ba tare da jiki ya yi zafi ba. Sai ƙarancin ruwa. Zafin Kano daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, tsoho kuwa ƙishirwarsa ta ragu, wani ma da gangan yake ƙin shan ruwa don gudun yawan tashi fitsari. Za a ɗebi jini a duba ƙoda, da gishirin jini, da suga, da kalsiyam, da yawan jinin kansa. Dajin furostet bai cika haurawa ƙwaƙwalwa ba, ba kamar na huhu ko na mama ba, don haka kada ki fara da kashe kuɗi a hoton kai sai in likita ya ga dalili, misali idan Baba ya faɗi ya bugu ko wani ɓarin jiki ya yi rauni.

Sai magunguna, inda na fi samun ɓarawon. Tramadol kansa yana ruɗa tsofaffi, musamman waɗanda suka haura 75 ko ƙodarsu ta yi rauni. Kuma na san halinmu: tsoho ya ƙi barci, a aiki yaro kemis ya karɓo Piriton ko Valium ko maganin tari mai sa maye. Waɗannan su ne ke mayar da ƙaramar ruɗewa babba, su kuma kayar da mutum a banɗaki. Ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da jiƙe-jiƙe da na masu maganin Musulunci da wanda 'yan dubiya suka kawo, ki zube wa likita a tebur. Kada ki ɓoye komai don jin nauyi. Kada kuma ki tsayar da Tramadol da kanki dare ɗaya, yankewar ma tana da tata matsalar.

Tunda ciwon ya taɓa ƙashin baya, ga abin da nake so kowa a gidan ya haddace: idan ciwon baya ya tsananta, ƙafafu suka yi nauyi ko suka mutu, ko ya fara sakin fitsari da bayan gida ba da saninsa ba, a nufi sashen gaggawa a wannan ranar, ko da tsakar dare ne. Alama ce ta ciwon ya danne lakar baya, kuma awoyi ne ke raba wanda zai ci gaba da takawa da wanda zai kwanta.

To, mantuwar shekara biyun fa? Idan ruɗewar nan ta lafa, ki nemi a auna ƙwaƙwalwarsa. Ba a yin awon a tsakiyar ruɗewa, sakamakon ƙarya zai bayar. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai kuma na lafiyar tunani, kuma zuwa wajensu ba ya nufin an ce Baba ya haukace. Abin da muke kira gigin tsufa cuta ce, ba kowane tsoho ke yin ta ba. Kin san 'yan shekara casa'in da har yau ba a cin su bashi su manta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzaima ce. A nan wajenmu hawan jini da ƙananan shanyewar ɓarin jiki da ba a lura da su ba suna da nasu kason. Akwai kuma abubuwan da ke kwaikwayonta alhali suna da magani: ƙarancin bitamin B12, raunin ƙullutun maƙogwaro da muke kira tayirod, damuwa mai tsanani, har da kurumta, don wanda bai ji magana ba ba zai tuna ta ba. Allurar da ake masa duk wata uku tana sauke sinadarin namiji ne don ciwon ya rasa abincinsa, kuma tana iya kawo kasala da zufa da sanyin rai, wasu su ce tunaninsu ya yi nauyi. Ki faɗa wa likitan dajin, amma kada a bar allurar a kan haka ba da shawararsa ba. Magungunan mantuwa da ake da su ba sa warkarwa, iyaka su ɗan rage wa wasu. Duk wanda ya ce miki yana da mai dawo da ƙwaƙwalwa garau, kuɗinki yake so.

Maganar ɗaya yayan naki, cewa a daina wahalar da shi, ba zan watsar da ita ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da a ce kemo mai ƙarfi, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ake shirin yi wa ɗan shekara 78 da ba zai iya cewa "ina jin zazzaɓi" ba, da na ce a zauna a yi dogon tunani, saboda kemo yana karya garkuwar jiki, an fi ganin haka tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi, kuma zazzaɓin digiri 38 a wannan tsakanin na iya kisa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma allura sau huɗu a shekara ba irin wannan wahalar ba ce, kuma ita ke danne ciwon ƙashin. Idan aka bar ta, wahalar ƙaruwa za ta yi. Haka idan wani ƙashi ya matsa masa da ciwo aka ce a yi gashi, wato a haska wurin da na'urar ƙona daji, ki tambaya ko za a iya yin na zama ɗaya tak. Wajen rage ciwon ƙashi yana aiki kamar na kwanaki da yawa, kuma ga wanda za a ɗauka zuwa Shika a Zariya ko Abuja, bambancin ba kaɗan ba ne. Tambayar da za ku riƙa yi wa kowane likita ita ce: wannan abin me zai ƙara wa Baba, kuma me zai ci masa?

Shi kansa Baba a tambaye shi. Mantuwa ba ta kwashe hankali gaba ɗaya rana ɗaya. Wanda ya manta abin da ya ci da safe yana iya sanin sarai cewa ba ya son a kwantar da shi a asibiti, ko yana son ya ƙarasa kwanansa a ɗakinsa. A zaɓi lokacin da ya fi natsuwa, galibi da hantsi, a yi masa magana gajera, a ce ya maimaita abin da ya fahimta. Mu Hausawa mun iya ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonsa. Ni ra'ayina, idan ya tambaya a faɗa masa gaskiya daidai yadda zai iya ɗauka. Idan ya manta, ba sai an riƙa sabunta masa baƙin labari kowace safiya ba, "ciwon mafitsara ne, ana magani" ta wadatar. Kuma tunda ɗan kasuwa ne, yanzu ne lokacin da za a zauna da shi da shaidu a rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, da amanar mutane da ke hannunsa, da takardun gida da na shago, da wasiyya idan yana da ita. Mutane na jin nauyin wannan magana kamar ana kira masa mutuwa. Na ga gidajen da jin nauyin ya kai su kotu.

A gida kuwa, ki sani daga yanzu ke ce ƙwaƙwalwar jinyarsa. Abin da na fi tsoro a gida mai mata biyu shi ne ranar karɓar girki. Uwargida ta ba shi magani kafin ta fita, amarya ta karɓa ta tambaye shi ko ya sha, ya ce bai sha ba, kuma har ga Allah bai tuna ba, ta sake ba shi. Ko kowacce ta ɗauka ɗayar ta bayar. Magani kada ya bi girki. A ajiye shi a akwati mai makulli, ba a ɗakin Baba ba, mutum ɗaya ke ƙirga na yini ya zuba a ƙananan robobi, a ɗaura shi da lokutan salla, na bayan asuba, na bayan azahar, na bayan isha'i, gwargwadon yadda likita ya tsara. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk wanda ya bayar ya ja layi, in bai iya boko ba ya yi da ajami ko ya dangwala alama. A littafin nan za a rubuta ranar da ya yi bayan gida, kofi nawa ya sha, ya ya kwana. Ranar asibiti littafin ya fi bakin mutum biyar amfani, don mu likitoci idan muka tambayi Baba "ya jiki?" cewa zai yi "Alhamdu lillahi, da sauƙi", ko da bai runtsa ba.

Wannan "da sauƙi" ɗin ce ta sa ake barin masu mantuwa cikin azaba. Ciwonsa a fuska za ki karanta, ba a baki ba. Ki dube shi lokacin da ake tayar da shi zaune ko ake juya shi: ya yamutsa fuska? Ya cije leɓe, ya riƙe gefen gado, ya yi nishi, numfashi ya ƙaru, ya ture hannun mai taɓa shi? Ya daina sujada ya koma salla a zaune ba wanda ya ce masa? Sau da yawa abin da ake kira rigimar tsufa ciwo ne da ya rasa bakin faɗa. Maganin ciwo a kan lokaci ake ba shi, ba sai ya nema ba, don ba zai nema ba. Farasitamol a kan ƙa'ida yana taimakawa fiye da yadda ake zato. Diklofenak da ire-irensa kuwa ki nisance su sai da izinin likita, suna cin ƙoda da ciki. Idan aka rubuta mofin na ruwa kada ki firgita. Ba alamar an sallama shi ba ce, kuma ƙaramin awo da ake ƙarawa a hankali sau da yawa ya fi Tramadol zama lafiya a jikin tsoho, in dai an duba ƙodarsa. Sai dai duk ranar da aka fara shi, a fara da maganin sassauta ciki tare.

Zargin sata ya yi miki ciwo, na sani. Wanda ya fi kusa shi ake zarga, don shi ake gani. Mutumin da ya shekara arba'in yana kwana da lissafin ciniki a kai, ya laluba aljihu ya ji wayam, ƙwaƙwalwarsa sai ta samo masa dalili. Kada ki yi rantsuwa, kada ki kawo hujja, ba za ki ci wannan shari'ar ba. Ki ce "Baba bari mu duba tare." Ki tanadi 'yan canji, ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, su zauna a aljihun rigarsa ko ƙarƙashin matashi, ya ƙirga abinsa ya ji daɗi. Katin banki da manyan kuɗi kuwa su koma hannun wanda 'yan uwa suka yarda da shi, ana rubuta abin da aka kashe. In ya ce a buɗe shago da dare, kada a ce masa "ai ka bar kasuwa tuntuni." A ce gari bai waye ba, a kawo shayi marar ganye mai yawa, a tambaye shi yadda ake gane shadda mai kyau. Za ki sha mamakin abin da bai manta ba. Karatun da ya haddace tun yana makarantar allo ma yakan zauna daram bayan sunayen 'ya'ya sun gudu. Ki kunna masa karatu a hankali, ki ji yana bi.

Rikicewar takan fi tashi tsakanin la'asar da magariba, shi ya sa ake saurin cewa iska ce. Gajiyar yini ce da dushewar haske. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniyar yara da talabijin, a bar shi ya sha hantsi a tsakar gida da safe, a rage masa barcin rana. 'Yan dubiya su zo bibbiyu, kuma don Allah a hana su jarrabawar nan ta "Alhaji ka gane ni? To wane ne ni?" Kunyata shi kawai ake yi. Mai shigowa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da kansa. Idan ya yi azahar sau uku, a bar shi. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, maganar azumi da ciyarwa kuma ku tambayi malaminku, amma ta fuskar lafiya ban yarda ya yi azumi a wannan halin ba. Banɗaki nan ne wajen faɗuwa, kuma ƙashin da daji ya ci ba ya jure faɗuwa: a sa masa kujera, a kai masa buta da fo kusa da gado da dare. Da hunturu kada a rufe shi a ɗaki da kaskon garwashi. Kada a ɗaure shi a gado komai rigimarsa. Ki saka takarda mai lambar wayarki a aljihun kowace riga, ki sanar da mai unguwa da liman da masu shagon bakin layi da 'yan adaidaitan da ke tsayawa kusa, cewa in sun ga Baba ya nufi titi shi kaɗai su riƙe shi da hira su kira ki. Ya fi a wayi gari ana cigiya a rediyo.

Saura ke. Abin da kika lissafa, aiki da yara da jinyar dare da rana, ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma na sha ganin mai jinya ta riga mara lafiya kwanciya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yayyenki ba za su gane daga waya ba, don Baba na iya daurewa ya yi musu hirar minti biyar lafiya lau su ce kina zuzutawa. Ki daina ce musu "a taimaka", ki yanka wa kowa nasa: wane kuɗin allura duk wata uku, wane albashin namijin da zai riƙa kwana da Baba, kuma kowannensu ya zo ya karɓi kwana uku a wata ya ga dare da idonsa. Namijin nan dole ne. Wanka da tsarki da kula da robar fitsari, uba ba zai so 'yarsa ta yi masa ba, kuma wani faɗan da yake yi kunya ce ba ciwo ba. Yaron gida ko almajiri zai iya zama da shi ya ɗebe masa kewa, amma kada a damƙa masa magani. Iyayenki mata ma a duba su, su ma tsofaffi ne da ba sa barci. Wajen kuɗi, ki leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ki kuma bincika ko Baba zai shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kano.

Za ki yi fushi wata rana, ki ɗaga murya, ki koma ɗaki ki yi kuka kina tuna ayar da ta hana ce wa iyaye ko da "uf". Gajiya ce ta jiki, ba rashin albarka ba. In kin ji abin ya taso, ki fita tsakar gida ki sha ruwa, wani ya karɓe ki. Ki samu dare biyu a mako da za ki yi barci a gidanki waya a kashe, ki auna hawan jininki, kuma idan kika ga sati biyu kina kuka ba dalili, abinci ya fita ranki, ke ma ki ga likita.

Goben ku tafi ku biyu, ɗaya ya bi layin kati da biyan kuɗi, ɗaya ya zauna da Baba a inuwa. Ki ɗauki ledar magungunan, da tabaransa, da ruwa, da ɗan abin taɓawa, da wandon canji. Ki nemi keken marasa lafiya tun daga ƙofa. Kuma da kin shiga, kafin likita ya ce ai tsufa ne, ki riga shi da cewa: "Satin da ya wuce ba haka yake ba."